Wuƙar Aljihu Daban, Wuƙar Albasa Daban

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ga wuƙaƙe uku na baje a kan tebur, duk masu ninkewa ne. Bari in matso da kyamara ku gani da kyau.

Wannan baƙar mai kauri ita na fara saya, don kyanta ya ruɗe ni. Da babban yatsa ake buɗe ta, ta kulle ƙas. Amma ku kalli abin da take yi wa tuffa. Kun ji ƙarar? Ba yanka ba ne wannan, faskare ne. Ruwan wuƙa in ya yi kauri, komai washin da ka yi masa, tsaga abu yake kamar gatari. Igiya da kwali ne aikinta.

Yanzu ga Opinel lamba 8, 'yar Faransa, daga yankin Savoie inda Joseph Opinel ya fara ƙera su a 1890. Ruwanta siriri ne, santimita 8.5. Dubi yadda take ratsa albasa, ko dannawa ban yi ba. Wannan zoben na wuyanta, wanda aka ƙaro a 1955, murza shi ake yi ya riƙe ruwan, kada ta rufe maka a yatsa. Tawa ta ƙarfen kabon ce, shi ya sa kuka ga ta yi duhu. Ruwan tumatir da albasa ne suka rina ta. In ka bar ta da lema kuwa, tsatsa za ta gaishe ka da safe. Wanda bai da haƙurin gogewa ya nemi mai rubutun Inox, wadda ba ta saurin tsatsa. Mariƙin kuma katako ne, in ya sha ruwa sai ya kumbura ya cije ruwan wuƙar.

To me ya hana ni yawo da ita? Doka. A nan Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya fita da wuƙar ninkewa ba tare da bayar da dalili ba, muddin bakinta bai wuce inci 3 ba, wato kusan santimita 7.6, kuma ba ta kullewa. Opinel ɗina ta faɗi a duka biyun.

Saboda haka wannan jar Victorinox ta Suwizalan ce abokiyar aljihuna. Ba ta kullewa, gajera ce, ga almakashi da mabuɗin gwangwani. Za ta fere lemo in ta kama dole, amma ni ba na so. Wuƙar da ta yini tana yanka salatif ɗin kwali, ga lungunan da datti ke maƙalewa, ba na kai ta kusa da abincina.

Af, kun gani ko? Opinel ɗin ta cije, jiya na wanke ta. Sai ka buga gindin mariƙin a gefen tebur, haka. Yauwa, ta fito. Bari in ƙarasa albasar nan, mai ya yi zafi.