Me Ke Juya Farashin Iskar Gas a Amurka?

A tsakiyar 2008 farashin iskar gas a Henry Hub, mahaɗar bututai da ke jihar Luwisiyana inda ake yanke farashin Amurka, ya haura dala 13 kan kowane BTU miliyan ɗaya (BTU ma'aunin zafin da gas ke bayarwa ne). Zuwa Afrilun 2012 ya faɗo ƙasa da dala 2. Dutsen shel ne ya jawo haka.

Shel dutse ne mai matsattsen jiki, gas na cikinsa amma ba ya gudana. Sai a haƙa rijiya a tsaye, a lanƙwasa ta ta kwanta cikin dutsen har kilomita uku ko fiye, sannan a tura ruwa da yashi da ƙarfi ya tsattsage dutsen. Yashin ke tokare tsagar don kada ta rufe. To amma irin wannan rijiya ba ta da dogon numfashi: a shekarar farko kaɗai abin da take bayarwa kan ragu da fiye da rabi. Kamfani dole ya yi ta haƙa sababbi kafin ya riƙe abin da yake fitarwa jiya.

Shi ya sa ake zuba ido ga ƙidayar injinan haƙa da kamfanin Baker Hughes, mai hidimar rijiyoyin mai da gas, ke fitarwa duk mako. Sai dai wanda ya dogara da ita kaɗai zai yi kuskure. Injin yau yana haƙa rijiya mai tsawo da sauri fiye da na da, kuma kamfani na iya haƙa rijiya ya bar ta a rufe har farashi ya gyaru, kamar yadda aka yi a 2024 da farashi ya sake sauka ƙasa da dala 2.

Yankuna uku ne ke ɗauke da nauyin samar da gas ɗin, kowanne da halinsa. Marcellus na Pensilvaniya da West Virginia gas ɗinsa mai arha ne, ƙarancin bututu ya daɗe yana ɗaure masa ƙafa. Bututun Mountain Valley sai a Yunin 2024 ya fara aiki. Haynesville na Luwisiyana da gabashin Tegzas mai zurfi ne, mai zafi, mai tsada, don haka shi ke fara ja da baya in farashi ya faɗi.

Permian na yammacin Tegzas shi ne mai rikita lissafi. Can ɗanyen mai ake nema, gas biyo shi yake yi. Muddin ɗanyen mai na da riba za a ci gaba da haƙa, ko gas ba shi da kasuwa. A mahaɗar Waha farashi ya sha sauka ƙasa da sifili, a 2019 da 2024, wato mai gas ne ke biya a kwashe masa.

A ɓangaren buƙata, babban sauyin shi ne fitarwa waje. Ana sanyaya gas zuwa digiri 162 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, ya zama ruwa, girmansa ya ragu sau 600, a loda a jirgin ruwa. Tashar Sabine Pass da ke Luwisiyana ta fara lodi a Fabrairun 2016, kuma a 2023 Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da irin wannan gas, tana gogayya da gas ɗin Bonny na Najeriya a kasuwar Turai. Da gobara ta tsayar da tashar fitarwa ta Freeport da ke Tegzas a Yunin 2022, nan take farashin cikin gida ya sauko, domin gas ɗin ya rasa hanyar fita.

Mai son hango farashi ya duba rahoton ajiya da EIA, hukumar bayanan makamashi ta Amurka, ke fitarwa duk Alhamis. Daga Afrilu zuwa Oktoba ake tarawa a ƙarƙashin ƙasa, daga Nuwamba zuwa Maris ake ɗiba. In aka shiga hunturu ajiyar na ƙasa da matsakaicin shekara biyar, ga sababbin tashoshin fitarwa na jan nasu, farashi zai tashi har ya kai inda haƙa a Haynesville zai biya. Tsananin sanyi kuwa yana cin kasuwa ta fuska biyu: buƙata ta hau, ruwan da ke bakin rijiyoyi ya daskare ya toshe su, kamar yadda ya faru a Tegzas a Fabrairun 2021.