Darasi: rubuta jam'iyyar ɗan takara a tsofaffin zaɓukan cike gurbi

Assalamu alaikum masu saurare, daga nan Tawa. Ɗalibai da ƴan jarida masu tono tarihin zaɓe, yau darasin naku ne, ku ɗauko alƙalami.

A Nijar, kafin juyin mulkin 2023, zaɓen cike gurbi ba shi da yawa, domin kowane ɗan majalisa ana zaɓensa ne tare da wanda zai maye gurbinsa. Amma idan kotu ta soke sakamakon wata mazaɓa, sai a koma rumfa. To, in za ka jera ƴan takarar irin wannan zaɓe, me za ka sa gaban sunan kowa?

Jam'iyyar da ya tsaya a ƙarƙashinta ranar zaɓen. Ita kaɗai. Dubi tsohon firaminista Hama Amadu: matasa da jam'iyyar Lumana suka san shi, amma sai 2009 aka kafa Lumana. Duk takarar da ya yi kafin nan, MNSD Nasara za ka rubuta. Haka Ba'are Mainasara, ko da yake nasa zaɓen shugaban ƙasa ne: a 1996 mai zaman kansa ya tsaya, RDP Jama'a daga baya ta zo. Wanda ya liƙa masa ita ya gurɓata tarihi, kuma abin yana ci mini rai, don ƴaƴanmu za su kwafa su ɗauka gaskiya ne.

Sai ƙawance, nan ake yawan zamewa. A 1993 CDS Rahama, PNDS Tarayya da ANDP Zaman Lahiya suna cikin ƙawancen jam'iyyu mai suna AFC. Amma AFC ba jam'iyya ba ce. Rubuta jam'iyyar mutum, ƙawancen ka ajiye shi a bayani na gefe tare da shekara, tunda a 1994 Tarayya ta fice. Ka ga ke nan, ɗan takarar Tarayya na bayan ficewar ba ya ɗaukar wannan tambari.

In ka nema ka rasa fa? Kada ka ce "mai zaman kansa". Wannan matsayi ne da mutum ke shigar da takardunsa da shi. Sa "ba a tantance ba", ka je ka duba hukuncin kotu, ko tsofaffin kofen jaridar Le Sahel. Dattijon unguwa zai iya nuna maka hanya, amma takarda za ta tabbatar.

Yanzu kowa ya ja layi huɗu a littafinsa: suna, jam'iyya, ƙawance, da inda ya samo. Mu cika na farko tare.