Falconets da Kofin Duniya na Mata 'Yan Ƙasa da Shekara 20: Sau Biyu a Bakin Ƙofa

Ranar 24 ga watan Agustan 2014, a babban filin wasa na birnin Montreal da ke Kanada, an yi minti 90 ana fafatawa tsakanin 'yan matan Najeriya da na Jamus, babu wanda ya ga ragar wani. Aka shiga ƙarin lokaci. A minti na 98, wata 'yar Jamus mai suna Lena Petermann ta zura ƙwallo ɗaya tilo, kuma da ita aka tashi. Da aka zo rabon kyaututtuka, aka kira gwarzuwar gasar, sai ga 'yar Najeriya ta fito. Aka kira wadda ta fi kowa cin ƙwallaye, sai ga ta ta sake fitowa. Asisat Oshoala ke nan, lokacin tana da shekara 19. Ƙwallon zinare a hannu ɗaya, takalmin zinare a ɗaya hannun, kofin kuma ya bi Jamusawa gida.

Masu kallonmu, barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu duba wannan gasa ce ta kofin duniya na mata 'yan ƙasa da shekara 20 tun daga tushe: yadda aka faro ta, yadda ake buga ta, su wa suka mamaye ta, da kuma dalilin da ya sa Najeriya ke zuwa bakin ƙofa ta juyo.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fara shirya gasar a shekarar 2002 a Kanada. A lokacin ta 'yan ƙasa da shekara 19 ce, ƙasashe 12 kacal. Mutane da yawa ba su zaci za a cika fili don kallon yara mata ba. Sai ga shi ranar wasan ƙarshe a birnin Edmonton, sama da mutum dubu 47 sun shiga kallon Kanada da Amurka. Amurka ta ci ɗaya da nema. Amma yarinyar da aka fi magana a kanta 'yar Kanada ce, Christine Sinclair, wadda ta ci ƙwallo 10 a gasar. Ku riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa.

Bayan shekara biyu aka je Tailan, inda duniya ta ƙara sanin Marta ta Brazil. A 2006 a Rasha aka ɗaga shekarun zuwa 20, aka kuma kai ƙasashen 16. Tun daga nan ake yin ta duk bayan shekara biyu, in ban da 2020 da annobar korona ta sa aka soke. A 2024 a Kolombiya aka faɗaɗa ta zuwa ƙasashe 24.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ana raba ƙasashe 24 ɗin gida shida, kowane rukuni ƙasa huɗu. Ta ɗaya da ta biyu a kowane rukuni sun wuce, sai a ƙara da huɗu daga cikin waɗanda suka zo na uku da suka fi maki. Daga zagayen 'yan 16 kuwa, wadda aka ci ta kama hanyar gida. Batun shekaru kuma da ranar haihuwa ake yanke shi: a gasar 2024, sai wadda aka haifa daga 1 ga Janairun 2004 zuwa gaba. Wannan ya sa kusan kowace gasa sabuwar tawaga ce. Koci ba ya samun damar riƙe 'yan wasansa shekara shida kamar a babbar tawaga. Yana gama gina su, shekaru sun kore su, sai ya koma neman wasu.

Afirka da gurbi ɗaya ta fara, kuma Najeriya ce ta riƙa ɗaukarsa. Daga 2006 ya zama biyu. A 2024 ya zama huɗu: Najeriya, Gana, Kamaru da Maroko. Daga 2002 har zuwa 2024, an yi gasar sau 11, kuma babu ko ɗaya da aka yi ba tare da Falconets ba, wato tawagar Najeriya ta mata 'yan ƙasa da shekara 20. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙasashe ƙalilan ne a duniya za su iya faɗin haka.

A cikin gasa 11 ɗin nan, Amurka ta ɗauka sau uku, Jamus sau uku, Koriya ta Arewa sau uku, Japan sau ɗaya a 2018, Sifaniya sau ɗaya a 2022. Ƙasar Afirka ɗaya ce ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe, wato Najeriya, kuma sau biyu ta kai.

Na farko a 2010 ne, a ƙasar Jamus. A zagayen kwata fainal Najeriya ta haɗu da Amurka, mai riƙe da kofin a lokacin. Aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, aka je bugun fenareti, Najeriya ta fitar da ita. A wasan kusa da na ƙarshe, Ebere Orji ta ci Kolombiya tun ana minti biyu da fara wasa, aka kuma tsare ƙwallon nan har alƙalin wasa ya busa tashi. Sai wasan ƙarshe a birnin Bielefeld, da masu masaukin baƙi, a gaban jama'arsu. Alexandra Popp, wadda ta ci ƙwallo 10 a gasar, ta zura ta farko tun kafin a yi minti goma. Jamus ta ci biyu da nema. A gaskiya wannan karon ba a ji zafi sosai ba, don kowa ya ga cewa an yi abin da ba a taɓa yi ba. A 2012 a Japan ma an kai wasan kusa da na ƙarshe, aka ƙare a na huɗu.

Na 2014 shi ne ya tsaya wa mutane a rai. Tawagar koci Peter Dedevbo ta doke Koriya ta Kudu da Ingila a rukuni, ta yi wa New Zealand huɗu da ɗaya, sannan ta haɗu da Koriya ta Arewa a birnin Moncton. Duk wanda ya san wannan gasa ya san Koriya ta Arewa ba kanwar lasa ba ce. Najeriya ta yi mata shida da biyu, Oshoala ita kaɗai ta ci huɗu. Da aka zo wasan ƙarshe, Falconets sun fi Jamus kai hari, sun samu damarmaki, amma mai tsaron ragar Jamus, Meike Kämper, ta hana. Ita aka ba kyautar mai tsaron raga mafi ƙwazo a gasar. Na sha kallon wannan wasan, kuma har yau ina ganin kofin nan na Najeriya ne ya kuɓuce.

To, a nan ne ainihin maganarmu take. Wannan gasa ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Ma'auni ce da ke nuna abin da ƙasa ta shuka, kuma abin da za a yi da yaran bayan sun sauka daga jirgi shi ne ke raba ƙasashe.

Ku dubi Amurka. Alex Morgan da Sydney Leroux su suka ci ƙwallaye biyun da suka ba ta kofin 2008 a Chile. Julie Johnston ce kyaftin ɗin waɗanda suka ɗauka a 2012. Dukansu suna cikin babbar tawagar da ta ɗauki kofin duniya a 2015. Jamus kuwa, Popp da Dzsenifer Marozsán, waɗanda suka buga da Najeriya a Bielefeld, su ne suka ci zinare a gasar Olamfik ta 2016 a Rio. Sifaniya ta fi kowa fito da abin fili. A 2018 a Faransa ita ta fitar da Najeriya a kwata fainal da ci biyu da ɗaya, kuma a cikin tawagarta akwai Aitana Bonmatí. A 2022 ta ɗauki kofin a Costa Rica, Salma Paralluelo ta ci biyu a wasan ƙarshe. Shekara ɗaya bayan nan, Bonmatí da Paralluelo suka ɗaga babban kofin duniya a birnin Sydney. Ba sihiri ba ne. Yaran suna komawa gida ne su tarar da ƙungiyoyi irin su Barcelona, da fili mai kyau, da likita, da albashi a kan lokaci, da wasa kowane mako.

Koriya ta Arewa ita ce ta saɓa wa wannan lissafi. A matakin yara ta gagari kowa: kofin 'yan ƙasa da 20 a 2006, 2016 da 2024, ga kuma na 'yan ƙasa da 17 da ta sha ɗauka. Tana tara yaran wuri ɗaya tun suna ƙanana, suna atisaye tare shekara da shekaru, shi ya sa in sun shiga fili kamar da igiya ɗaya ake jan su. Amma a babbar gasa ba ta taɓa wuce kwata fainal ba. A 2011 an samu 'yan wasanta biyar da amfani da haramtattun ƙwayoyin ƙara kuzari, aka hana ta shiga gasar 2015. Kuma 'yan wasanta ba sa fita manyan ƙungiyoyin Turai su ƙara gogewa. Wato horon sansani yana iya ba ka kofin yara, amma ba ya isa a wurin manya.

Najeriya tana tsakiya. Ba za a ce Falconets ba su haifar da komai ba, wannan zai zama rashin adalci. Bayan Montreal da 'yan watanni, Oshoala ta bar Rivers Angels ta koma Liverpool, daga baya ta je Barcelona ta ɗauki kofin zakarun Turai, ta kuma zama gwarzuwar Afirka har sau shida. Desire Oparanozie, Francisca Ordega da Osinachi Ohale duk ta wannan ƙofa suka bi. Rasheedat Ajibade da Chiamaka Nnadozie suna cikin tawagar 2018. Kun tuna Christine Sinclair ta 2002? Ta girma ta zama wadda ta fi kowa, mace ko namiji, ci wa ƙasarta ƙwallaye, har 190. A gasar kofin duniya ta 2023 a birnin Melbourne, ta ajiye ƙwallo za ta buga wa Najeriya fenareti, Nnadozie ta faɗi ta ture. A Yulin 2025 kuma Ajibade ce kyaftin lokacin da Super Falcons, babbar tawagar mata ta Najeriya, suka farke ƙwallo biyu suka doke Maroko uku da biyu a Rabat, suka ɗauki kofin Afirka karo na goma.

Amma ku lura da abu ɗaya: kusan duk waɗanda muka lissafa sai da suka bar ƙasar kafin su kai inda suka kai. A kowace tawaga ta mutum 21, biyu ko uku ne ke samun wannan hanya. Sauran fa? Suna komawa gasar cikin gida, wurin ƙungiyoyi irin su Rivers Angels, Bayelsa Queens, Edo Queens da Nasarawa Amazons, waɗanda galibinsu gwamnatocin jihohi ne ke ɗaukar nauyinsu, ƙarfinsu kuma yana hawa da sauka gwargwadon sha'awar mai mulki. In manya ma, Super Falcons, sai da suka yi zaman dirshan a otal a Abuja a 2016 kan kuɗaɗensu bayan sun ɗauko kofin Afirka, me ake tsammani ga yarinya 'yar shekara 18 da ba ta da murya? Sakamakon ya fara nunawa. A 2022 Falconets sun ci wasanninsu uku na rukuni, har da Faransa, sai Holan ta fitar da su a kwata fainal. A 2024 Japan ta sallame su tun a zagayen 'yan 16. Ba hazaƙa ce ta ragu ba, wasu ne suka ƙara wuta, mu kuwa muna nan muna dogaro da sansanin 'yan makonni kafin gasa.

Akwai kuma maganar da ta shafe mu kai tsaye a Arewa. In ka duba sunayen Falconets tun 2002, da wuya ka ga 'yar Kano, Katsina ko Sakkwato. Dalilan sanannu ne, kuma ba na raina su: iyaye suna duba sutura, suna duba tafiye-tafiye, suna duba karatu da aure. Oshoala ma, wadda Musulma ce daga Ikorodu a Legas, ta sha faɗin cewa iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba da farko. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar sutura ta canza. An hana wasa da hijabi a 2007, amma a 2014 masu kula da dokokin ƙwallo suka amince da shi. A gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2016 a Jodan aka ga yara sun buga da hijabinsu, a 2023 kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga babban kofin duniya da nata. Hukuncin barin yarinya ta yi wasa yana hannun iyayenta, amma ya kamata su yanke shi da sanin yadda dokar take yanzu. A ganina, in makarantun 'yan mata za su samu fili a killace da malamai mata masu horarwa, da yawa daga cikin iyayen da ke ɗari-ɗari za su sake tunani.

Ƙannen Falconets, wato Flamingos 'yan ƙasa da 17, sun zo na uku a Indiya a 2022, kuma Jamus suka doke a bugun fenareti kafin su karɓi tagullar. FIFA ta mayar da gasarsu ta kowace shekara, ta ba Maroko ɗaukar nauyinta daga 2025 zuwa 2029, ta kuma ba Polan ta 'yan ƙasa da 20 ta 2026. In an fitar da jerin sunayen tawaga ta gaba, kada ku tsaya a kan sunayen kawai. Ku duba ƙungiyar da aka rubuta a gaban kowane suna, ku ajiye takardar, bayan shekara uku ku ɗauko ta ku ga mutum nawa ne har yanzu ke buga ƙwallo.