Saurayin da ba ya iya cewa "na fasa"

Binta: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma ina tare da Malam Sani da ƙanenmu Nura. Malam, littafin nan da ka ara wa Nura, tun shekaranjiya ba shi da zance sai nasa.

Sani: Na P.G. Wodehouse ne, marubucin Ingila da aka haifa a 1881, wanda ya bar littattafai sama da 90. Gwarzon labarin Bertie Wooster, saurayi ɗan masu hali a Landan, mai cin dukiyar gado. Sai hadiminsa Jeeves, mai kula da tufafinsa, wanda duk hankalin gidan a kansa yake.

Nura: Anti Binta, abin da ya kama ni shi ne yadda Bertie ke faɗawa baiko ba da niyya ba. A littafin Right Ho, Jeeves na 1934, abokinsa Gussie yana son wata yarinya, Madeline Bassett, amma kunya ta hana shi buɗe baki. Bertie ya je yi masa magana, ya yi ta kewaye-kewaye cewa akwai wata zuciya da ke ciwo saboda ita. Yarinya ta ɗauka tasa zuciyar yake nufi.

Binta: Ɗan aike ya zama mai nema ke nan. To me ya hana shi cewa, baiwar Allah, ba haka nake nufi ba?

Sani: Yauwa, Hajiya, kin zo wurin. Ba zai iya ba. A tarbiyyar 'ya'yan manyan Ingila na lokacin, idan mace ta ɗauka kana sonta, gaya mata ta yi kuskure tozarci ne. Ita tana iya fasa baiko, shi ko bakinsa a ɗaure yake. Kuma doka ta ɗaure wa abin gindi, don wadda aka yi wa alkawarin aure aka janye tana iya kai ƙara ta karɓi diyya. Sai a 1970 majalisarsu ta soke wannan.

Nura: Shi ya sa Madeline ta zame masa ƙarfen ƙafa. Duk ranar da ta ɓata da Gussie, sai ta ce to shi ke nan, za ta auri Bertie. Dole ya tashi tsaye ya sasanta su, don zaman lafiyarsu shi ne kuɓutarsa.

Sani: Ni kuwa nan na fara ƙaunarsa. Ba shi da wayo, amma bai taɓa yarda ya kunyata mace ko ya juya wa aboki baya don ya tsira ba. Ya gwammace a ɗauke shi mahaukaci, kuma sau da yawa da haka Jeeves ke fitar da shi: a ɓata masa suna har dangin yarinya su ce ba su yi.

Binta: Ina iyayensa suke ana wannan?

Nura: Maraya ne. Gwaggwanninsa ke juya shi. Gwaggo Agatha so take ta aurar da shi ga wadda za ta gyara shi. Gwaggo Dahlia mai fara'a ce, amma ita ce ta tura shi sato wata butar madara ta azurfa mai siffar saniya, da barazanar ba zai ƙara cin girkin kukunta Anatole ba.

Binta: Ashe gwaggo gwaggo ce ko a Ingila.

Sani: Kuma shi Wodehouse ya san su ciki da bai. Mahaifinsa alƙali ne a Hong Kong, aka bar shi a Ingila tun yana ƙarami, hutun makaranta daga gidan wannan gwaggo sai na waccan.

Binta: Malam, bari in faɗi abin da ke damuna. Mutumin nan ya ga yaƙin duniya biyu, amma a labaransa babban tashin hankali shi ne butar azurfa. Ba talauci, ba makoki.

Sani: Gaskiyarki. Shi kansa sunan Jeeves na wani ɗan wasan kurket ne, Percy Jeeves, wanda aka kashe a fagen daga na Somme a 1916. Kuma rashin lura da duniyar nan ya ci marubucin. Jamusawa sun kama shi a Faransa a 1940, a 1941 ya yi jawabai biyar na raha a rediyon Berlin kan zamansa a tsare. Mutanen Ingila suna shan ruwan bama-bamai, suka ce ya ci amana. Bincike bai same shi da laifin da za a gurfanar da shi ba, amma bai sake taka ƙasarsa ba har ya rasu a Amurka a 1975, makonni kaɗan bayan Sarauniya ta ba shi sarautar Sir.

Nura: To a ƙarshe Madeline ta kama Bertie?

Sani: Ba ta kama shi ba. Gussie ma ya gudu da wata mai dafa abinci, ita kuma ta koma wa Roderick Spode, wanda tun tana yarinya yake sonta. Littafin Jeeves na ƙarshe ya fito a 1974, Bertie na nan bai yi aure ba.

Binta: Nura, idan ka gama ka miƙo mini. Masu saurare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.