Sikelin nan mai faɗin kitse, a yarda da shi?

Nura: To jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau kam sai mun taɓo maganar sikelin nan, don tun satin da ya wuce saƙonni ke ta shigowa, a guruf ɗinmu na WhatsApp ma har musu ya kaure.

Fa'iza: Wallahi kuwa. Wata 'yar'uwa ta turo tana cewa da safe ya nuna mata kitse kashi 34 cikin ɗari, da yamma ya koma 31, wai ko zuwan da ta yi kasuwa a ƙafa ne ya ƙona shi.

Anti Zainab: Allah sarki. Ina ma haka ne. Kitse ba ya narkewa a wuni ɗaya Fa'iza, ruwan jikinta ne ya canza wuri. Kun ga ƙarafunan nan da ake takawa? Wani ɗan lantarki ne ƙalilan wanda ba ka ko jinsa yake shiga ta ƙafa ɗaya ya fita ta ɗayar. Ita tsoka kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce, sai lantarkin ya wuce salin alin, shi kuwa kitse ruwansa kaɗan ne sai ya tare hanya. To wannan tarewar kawai sikelin ke aunawa, sai ya haɗa da shekarunki da tsayinki da mace ce ko namiji da kika zuba masa a waya, ya yi lissafi ya ba ki lamba. Ƙiyasi ne, bai ga kitsen ba.

Nura: To Anti me ya sa na yamma ya fi ƙasa?

Anti Zainab: Saboda wuni kake a tsaye ko a zaune, ruwa yana gangarowa ƙafafu, kuma ai ta ƙafafun lantarkin ke bi. Nan ma wata matsalar ce, ya hau wannan ƙafa ya sauka ta waccan, tumbin da ya fi damun mu bai cika ratsa shi ba, shi ya sa wasu suke zuwa da abin riƙewa a hannu. Haka in kina azumi kika hau dab da shan ruwa, jiki ya bushe, sai ya ƙara miki kitsen da ba ki da shi. Ko ka dawo daga ƙwallo ka yi gumi sharkaf, ko ka cika ciki da tuwo, duk lambar sai ta motsa. Kai har kaushi da faso na lokacin hunturu, in tafin ƙafa ya bushe ƙamas bai kama ƙarfen da kyau ba, wani sa'in ma ƙin karantawa yake yi.

Fa'iza: Ashe dai yaudara ce kawai Anti.

Anti Zainab: A'a ban ce ba. Fasahar ta daɗe, kamfanin Tanita na Japan tun 1994 ya fitar da na gida. Abin da ke min ciwo shi ne mutum yana ƙoƙari, ya rage lemon kwalba da fulawa, yana tattaki kullum bayan asuba, sai lamba ɗaya ta karya masa gwiwa ya watsar da komai. Wannan ne ba na so. Ki dinga hawa a lokaci ɗaya kullum, da safe bayan kin kama ruwa kafin ki ci komai, ba takalmi ba safa, a kan tayil ko siminti ba kafet ba, ki dinga rubutawa sai bayan wata guda ki duba ina abin ya dosa. Mai son na ƙwarai sai hoton DEXA, wani irin hoton X-ray ne na jiki, shi kuma ba kowane asibiti ba. Ni da za a bi tawa ma tef ɗin tela ya wadatar.

Nura: Tela! Anti kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi, ɗinkina na ƙaramar sallah har yau ana ce min gobe.

Fa'iza: Yaya Nura ai ka yi sa'a, ni cewa ya yi saura aikin wuya kawai, da na leƙa shagon atamfar tana nan a ninke ko yankawa ba a yi ba.

Nura: Kuma in ka je shi zai riga ka fara'a, ya ba ka kujera, ya aika a sayo maka ruwa mai sanyi.

Fa'iza: Ya ce wuta ce babu.

Nura: Alhali keken na ƙafa ne!

Fa'iza: Ranar jajibiri kuwa wayarsa a kashe.

Anti Zainab: Ku bar bayin Allah haka, su ma aikin ne ke musu yawa. Tef ɗin dai nake magana. Ki zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, sama da cibiya kaɗan, kar ki shanye ciki. Hukumar lafiya ta NICE ta Birtaniya a 2022 ta ba da shawarar awon ya zama bai kai rabin tsayin mutum ba, wato in tsayinki santimita 160 ne ya kasance ƙasa da 80. Kitsen ciki shi ne mai alaƙa da ciwon suga da hawan jini, kuma tef ba ruwansa da ko kin sha ruwa ko ba ki sha ba.

Nura: Kai, ana ɗaga mana hannu lokaci ya ƙare, ga shi ba mu karanta sauran saƙonnin ba.

Anti Zainab: Tsaya ƙanina, wannan ba ta jira. Duk wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kar ya hau irin sikelin nan, mai juna biyu ma ta bar shi ta bi awon asibiti.

Fa'iza: Sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.