Jan Launi a Hoton Tsokar Ƙugu Ba Rauni Ba Ne

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wani hoton tsokar ƙugu mai zare-zare ja da kore da shuɗi da ya yi ta yawo a wayoyi daga Gusau har Birnin Kebbi, ana cewa wai inda ya yi ja nan ne haihuwa ta ji wa mace ciwo. Ba haka maganar take ba.

Tsokokin ƙasan ƙugu ne a hoton, waɗanda suka shimfiɗu daga ƙashin mara zuwa ƙarshen ƙashin baya, suna tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. Babbar cikinsu ita ce likitoci suke kira levator ani. Na'urar MRI, mai hango cikin jiki, ita ce ta ɗauki hoton, ta wata hanya da ake kira DTI, wadda Peter Basser da abokan aikinsa suka gabatar a Amurka a 1994.

Inda ake yin kuskuren shi ne, na'urar ba ta ga zaren tsoka ko ɗaya ba. Motsin ruwa ta auna. Ƙwayoyin ruwan da ke jikinmu ba sa tsayawa wuri ɗaya, kullum cikin kai da kawowa suke. Ku ɗauki misalin ɗigon tawada: a cikin kwanon ruwa ya bazu ko'ina daidai wa daida, amma a kan tsagaggen rake ya bi tsawon zaren, domin gefe da gefe akwai abin da ya tare shi. Haka ruwa yake yi a cikin tsoka. Saboda haka na'urar takan auna wannan motsi ta fuskoki aƙalla 6, sannan kwamfuta ta lissafa, a kowane ɗan gurbi na hoton, fuskar da ruwan ya fi samun sarari, ta aza kibiya mai nuna wannan fuskar. Gurbin nan yakan kai kamar milimita 2, alhali kaurin zaren tsoka ɗaya bai wuce na silin gashi ba, wato kibiya ɗaya tana wakiltar ɗaruruwan zare. Daga nan sai a haɗa kibiya da kibiya, a sami waɗannan layukan masu kyan gani. Kwamfuta ce ta zana su, kuma inda zare biyu suka gitta juna takan ruɗe, ta zana hanyar da babu ita. Ni dai a ganina kyan hoton ya fi tabbacinsa yawa, musamman a ɓangarorin da tsokar ba ta da kauri.

Amfanin wahalar gano alkiblar zaren shi ne, tsoka tana ja ne ta tsawon zarenta, abin da duk mahaucin da ke yankan kilishi ya sani ba tare da ya je jami'a ba. In ana son gina kwatankwacin ƙugu a kwamfuta don a gwada fitowar kan jariri, dole a gaya mata inda kowane zare ya dosa. A 2004, masu bincike a Jami'ar Mishigan sun yi irin wannan gwajin, suka nuna cewa wani ɓangare na tsokar yana miƙewa fiye da ninki 3 na tsawonsa.

Kada kuma a haɗa wannan miƙewar tsoka da yoyon fitsarin da doguwar naƙuda take jawowa, domin shi huji ne tsakanin mafitsara da farji, kuma tiyata ce maganinsa.

Mu koma kan hoton. Launin alkibla kawai yake nunawa: kore gaba da baya, shuɗi sama da ƙasa, ja kuwa dama da hagu. Wannan jan da ke bayan dubura wurin da tsokar ta kewayo ne kamar majanyin goyo, ta ratsa daga gefe zuwa gefe, kuma ko macen da ba ta taɓa haihuwa ba, nata ma ja zai fito.