Sauti Kafin Suna: Yadda Ake Ɗora Yaro a Kan Karatu

An ɗauko wannan rubutu daga faifan laccar da wata malamar firamare ta gabatar wa iyaye da malaman Islamiyya a Agege, Legas.

Assalamu alaikum, iyayena da abokan aiki.

Ku ɗauki yaro ɗan shekara shida a unguwar nan. A gida Hausa yake ji, a layi Yarabanci da Turancin Buroka, a makarantar boko Turanci, da yamma kuma Larabci. Ku ce ya rera muku A, B, C, zai kai Z bai yi tuntuɓe ba. To ku rubuta masa cat, ku ce karanta. Zai ce "si, e, ti", ya yi shiru yana kallon bakinku. Ba daƙiƙi ba ne. Sunayen haruffa aka ba shi, alhali da sautinsu ake karatu, kuma ko shekara za a yi ana haɗa si da e da ti ba za su haifi cat ba.

Wannan hanya ta koyar da karatu da sautin haruffa, wadda 'yan boko ke kira fonik, ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A makarantar allo ana fara babbaƙu, a shiga farfaru, sannan yaro ya soma haɗawa da kansa. Tsarin ke nan: baƙi, wasali, gaɓa, kalma.

Shawarata a fara da Hausa, ko da makarantar yaron ta Turanci ce zalla. Turanci na da haruffa 26 amma sautukansa sun kai kamar 44, harafi ɗaya sai ya yi aiki uku ko huɗu. Ku saurari a ɗin da ke cikin cat, da cake, da call. Hausa kuwa wasulanta biyar ne, a, e, i, o, u, da tagwaye biyu, ai da au, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa. Nan yaro ke saurin gano cewa zanen da ke kan takarda magana ce.

Kada a bi jerin abacada. A fara da haruffan da ke haifar da kalma nan take: a, m, n, k. Da huɗun nan kaɗai yaro zai karanta mama, nama, kaka, kama, mana, tun a mako na biyu. Sai a ƙara i, s, t, u. Harafi biyu zuwa uku a mako ya isa, minti 20 kullum: biyar na bita, biyar na sabon sauti, biyar na haɗawa, biyar na shifta. Minti 20 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

Kayan aikin ba sai an je kasuwa ba. A yanka kwalin taliya kamar faɗin tafin hannu, a rubuta baƙaƙe da baƙin alƙalamin maka, wasula da ja, ƙananan haruffa tukuna, don su suka cika littafi. A zuba yashi a faranti yaro ya zana harafin da yatsa yana furta shi.

Wurin haɗawa aka fi yin ɓarna, bari in daɗe a nan. Malami ya ɗaga m ya ce "ma". Ya riga ya liƙa mata wasali. Gobe in an ajiye i a gefenta, yaro zai karanta "ma'i" maimakon mi. A rufe leɓe a ja ta, mmm, ba tare da buɗe baki ba. A ajiye m a hagu, a a dama, a riƙa turo su kusa da juna ana jan sautin ba a yanke numfashi ba, har su haɗu su ba da ma. Shi ya sa m, n, s suka fi daɗin farawa, ana iya jansu. Irin su k, t, b ba sa jawuwa, sai a faɗe su a gajarce, a faɗa kan wasalin nan da nan. In ma, mi, mu sun zauna, a jera gaɓa biyu, yaro ya tafa sau ɗaya a kowace: na-ma. Daga baya a kawo gaɓa mai rufi, wato mai ƙarewa da baƙi, irin ta kalmomin kan, tam-ba-ya, mak-ka.

Kada a koyar da b da d a mako ɗaya, rikicewa suke yi. A bar tazarar mako uku ko huɗu.

Sai masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, da ts da 'y. Yaran da suka tashi a Legas da yawa sun fara zubar da su, domin babu su a Yarabanci ko Turanci, mu manya ma a waya ba ma sa su. Ana gyara wannan da kunne kafin ido. A faɗi kalma biyu yaro ya nuna wacce ake nufi: kafa da ƙafa, baki da baƙi, fada da faɗa, kura da ƙura, sari da tsari. A haɗa masa da karya-harshen nan na ƙato da kwaɗo da ƙoto, yana dariya yana gyara bakinsa.

Akwai kuma abin da rubutunmu ba ya nunawa, wato tsawon wasali da karin sauti. Garin da ake zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya. Jimla ce ke raba su, kuma sai yaron da ya san kalmar a kunnensa zai rabe. Nan maganar yawan kalmomi ta shigo. Yaronmu ya san danfo da okada, wato bas ɗin haya da acaɓa na Legas, amma ku rubuta masa rumbu, ko faifai, ko ƙoshiya, zai furta su tsaf bai san mene ne ba. Wannan karatun aku ne. Don haka kalma uku zuwa biyar a mako, a nuna abin in yana gidan, a sa shi a jimla, a sa yaro ya yi tasa jimlar, a dawo da kalmar bayan kwana biyu. Uwa tana girki tana kiran sunan abin da ke hannunta, ludayi, mara, muciya, darasi ne. Tatsuniya da kacici-kacici da daddare ma haka.

In ya iya karanta gajerun jimloli a Hausa, sai a tsallaka Turanci. Makarantu da yawa na amfani da tsarin fonik na Turanci mai suna Jolly Phonics, wanda ke farawa da s, a, t, i, p, n, kuma yaro ya riga ya san biyar daga cikin shidan. Abin da ya rage shi ne p, wadda bakinmu ke mayarwa f. A riƙe 'yar takarda gaban leɓe: in aka ce pan takardar ta yi tsalle, in aka ce fan haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Haka v da b, van da ban. A gaya masa ƙarara cewa c ɗin kalmar Hausa ciki ba ita ce c ɗin cat ba. Kuma a kula da cusa wasali tsakanin baƙaƙe, stop ta koma sitof. A ja s, a faɗa kan t kai tsaye.

Wani uba ya tambaya: "Malama, ta yaya zan san karatu yake yi ba hadda ba?"

Alhaji, rufe hoton da ke shafin da hannunka, ka nuna masa kalma daga ƙasa zuwa sama. Sannan ka rubuta masa abin da bai taɓa gani ba, ko da ba shi da ma'ana, kamar numi. In ya haɗa, ya iya. In ya yi zango guda ana yi masa kullum bai rabe sautuka ba, a kai shi asibiti a duba kunne da ido kafin a ce komai a kan ƙwaƙwalwarsa.